Kundin tsarin wasa ko takardar buƙatun manhaja: da wanne za ka rubuta wasan bidiyonka?

Duk tawagar da ta ɗauko gina wasan bidiyo, ko da mutum uku ne a cikinta, takan kai gaɓar da maganar baki ba ta wadatarwa. Mai zane ya fahimci abu ɗaya, mai rubuta manhaja ya fahimci wani, mai haɗa sauti kuma yana jira a gaya masa ko jarumin wasan zai yi iyo kafin ya ɓata lokaci kan ƙarar ruwa. A nan ne ake cewa a rubuta. Sai dai rubutun iri biyu ne, kowanne da gidan da ya fito. Akwai kundin tsarin wasa, wanda masu sana'ar ke taƙaita sunansa da GDD, shi ne ɗan gida a masana'antar wasanni. Akwai kuma takardar buƙatun manhaja, SRS a taƙaice, wadda injiniyoyin manhajar banki da ta jirgin sama da ta asibiti suka daɗe suna aiki da ita. Ni dai ra'ayina babu ɗaya daga cikinsu da zai iya ɗaukar wasa sukutum. Aikin da ke gabanka shi ne ka gane wane ɓangare na wasan ya dace da wanne, da kuma ranar da ya kamata ya tashi daga wannan ya koma wancan.

Kundin tsarin wasa bayani ne da hotuna. A cikinsa ake faɗin wane ne ɗan wasa, me yake nema, me ke tare masa hanya, yadda duniyar wasan take, da abin da ake so mutum ya ji a ransa lokacin da yake bugawa. Ba wata hukuma da ta tsara masa fasali. Wani kundin shafi goma ne, wani ya haura ɗari biyu, kuma kowane kamfani da nasa salon.

Takardar buƙatu kuwa tana da ƙa'ida rubutacciya. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 830 a 1984, ta sabunta ta a 1998, daga baya ISO/IEC/IEEE 29148 ta maye gurbinta a 2011. Abin da ƙa'idar ke nema daga kowace buƙata a fili yake: ta zama ma'anarta ɗaya ce, kada ta ci karo da wata, a san matsayinta wajen muhimmanci, a iya tabbatar da ita ta hanyar gwaji, kuma a iya bin sawunta daga inda ta samo asali har zuwa inda aka gina ta. Shi ya sa ake ba kowace jumla lambarta. Ana kuma raba su gida biyu: buƙatun aiki, wato abin da manhaja za ta yi, da buƙatun inganci, wato saurinta, juriyarta, tsaronta da makamantansu.

Tsalle ɗaya, rubutu biyu

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗauki abu guda a rubuta shi da salon biyu. Mu ɗauki tsalle, tunda kusan kowa ya taɓa buga wasan da ake tsallake rami.

Kundin tsari zai ce wani abu kamar haka: tsallen jaruma ya kasance mara nauyi, ɗan wasa ya ji ragamar tana hannunsa ko a sama yake, kuma idan ya faɗa rami ya ga laifin kansa, kada ya ga na wasan. Wannan magana ce mai daraja. Ita ce ke gaya wa mai rubuta manhaja dalilin aikinsa, ita ce ke gaya wa mai zanen motsi kada ya ja lokaci wajen lanƙwasa gwiwa kafin tashi. Amma ka miƙa ta ga mai gwaji ka ce ya tabbatar an cika ta. Zai dawo maka da ra'ayinsa, wani mai gwajin ya dawo da nasa.

Takardar buƙatu za ta ce: buƙata ta 14, idan ɗan wasa ya danna maɓallin tsalle cikin milisakan 100 (wato kashi ɗaya cikin goma na sakan) bayan ƙafar jaruma ta bar bakin tudu, manhaja za ta karɓi tsallen kamar tana ƙasa. Buƙata ta 15, idan ya danna maɓallin jim kaɗan kafin ta sauka, manhaja za ta riƙe umarnin ta aiwatar da shi da zarar ta taɓa ƙasa. Lambar 100 ɗin misali ce kawai na kawo, amma dabarun biyu sanannu ne, kuma waɗanda suka yi wasan Celeste na 2018 sun bayyana a fili cewa sun yi amfani da su don wasan ya riƙa yi wa ɗan wasa rangwame ba tare da ya lura ba. Irin wannan jumla ba ta barin gardama. Ko dai ta cika ko ba ta cika ba, kuma na'ura ma za ta iya gwada ta kowane dare.

To ga inda matsalar take, kuma a kanta duk zaɓin ya rataya. Daga ina lambar ta fito? Ba wanda ya isa ya zauna kan kujera a watan farko ya san ko milisakan 80 ne daidai ko 120. Sai an gina samfurin gwaji, an ba mutane sun buga, an ga inda suke faɗuwa suna tsaki, an ƙara, an rage. Gani ya kori ji. Wanda ya rubuta buƙata ta 14 kafin a yi wannan, hasashe ya rubuta ya sa masa rigar tabbas, kuma haɗarinsa ya fi na kundin da bai faɗi lamba ba, domin mai rubuta manhaja zai gina ta daidai yadda aka ce, mai gwaji ya sa hannu, wasan kuma ya fito ba daɗi. An cika buƙata, an rasa abin da aka fito nema.

Tarihin masana'antar ya sha nuna wannan. A 1992 Tom Hall na kamfanin id Software ya rubuta wa Doom kundi mai cike da labari da jarumai masu suna, amma wasan da ya fito a Disamban 1993 ya watsar da mafi yawansa, saboda abin da ya yi daɗi a hannu shi ne gudu da harbi. Kundin 1995 na wasan da ya zama Grand Theft Auto ma da wani suna aka rubuta shi, Race'n'Chase, kuma wasan da kamfanin DMA Design ya fitar a 1997 ya yi nisa da abin da ke takardar. Kamfanin Valve ya kusa kammala Half-Life a ƙarshen 1997, ma'aikatansa suka buga suka ga bai yi armashi ba, suka ɗage shi shekara guda suka sake zama. Abin lura a labarin Valve shi ne ba su gudu daga rubutu ba. Ƙaramin rukunin da suka kafa ya samar da kundi mai shafi sama da 200, amma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gwaji da 'yan wasa na waje, ana gyara shi gwargwadon abin da aka gani.

Inda takardar buƙatu ba ta da abokin gasa

Kada wannan ya sa ka ɗauka wasa duk ji-a-jika ne. Kaso mai yawa na kowane wasa manhaja ce kawai, irin wadda ake iya sanin buƙatunta tun ranar farko, kuma a nan ne kundin tsari yakan yi shiru ko ya yi magana sama-sama.

Ɗauki adana ci gaban ɗan wasa. Kundi yakan ce wasan zai riƙa adanawa da kansa, ya wuce. Mai tunanin buƙatu zai tsaya ya yi tambayoyi. Idan na'ura ta mutu ana tsakiyar adanawa fa? Idan wuri ya cika? Idan an sabunta wasan, tsohon fayil zai buɗu? Idan mutum ya buga a na'urori biyu suka saɓa, wanne za a ɗauka? Kowace tambaya tana haifar da jumla mai lamba, misali cewa manhaja ba za ta taɓa tsohon fayil ba sai sabon ya rubutu cikakke an tabbatar da shi. Babu buƙatar samfurin gwaji kafin a san wannan, kuma wanda ya rasa aikin awa arba'in saboda an manta da ita ba zai tuna daɗin tsallen ba.

Haka batun sauri. Idan an yanke cewa wasan zai nuna hoto 60 a sakan, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal, a cikinsu za a lissafa motsi, karo, tunanin abokan gaba da zane. Idan 30 ne, milisakan 33.3. Wannan kasafi ne da ake rabawa tsakanin sassa, kuma idan ba a rubuta shi tun farko ba, mai zane zai cika fage da bishiyoyi masu kyau, sai a wata na goma a gano na'urar da aka nufa ba za ta ɗauka ba.

Sannan akwai buƙatun da ba kai ka ƙirƙira su ba. Sony da Microsoft da Nintendo kowanne yana da jerin sharuɗɗan da wasa zai cika kafin a bar shi ya fito a na'urarsa: abin da zai faru idan na'urar hannu da ake juya wasan da ita ta katse, yadda ake kiran maɓallai, saƙon da za a nuna idan intanet ta yanke. Waɗannan da ma a siffar buƙatu masu lamba suke zuwa, kuma faɗuwa a jarrabawarsu na iya ture ranar fitowa. Kamfanin Apple tun 2017 ya wajabta wa wasannin da ke kasuwar manhajojinsa bayyana yiwuwar samun kowane abu a akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi, hukumar kula da caca ta Beljiyam kuma a 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca. Dokar Amurka ta COPPA ta ɗaure hannun mai tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13. Irin waɗannan abubuwa wurinsu jeri mai lamba, kowanne da wanda ke da alhakinsa da gwajin da ke tabbatar da shi. Saka su a tsakiyar sakin layi na shafi na 63 hanya ce ta mantawa da su.

Wa zai karanta, wa zai gyara

Babban ciwon kundin tsari shi ne ba a karanta shi. Mai tsarawa ya kwashe makonni yana rubutu, kowa ya duba sashen da ya shafe shi sau ɗaya, daga nan sai tambaya ta koma baki. Stone Librande, wanda ya yi aiki a kan wasannin Spore da SimCity, ya gabatar da mafita a taron masu gina wasanni na GDC a 2010: a zana kowane tsari a shafi ɗaya tak, hoto a tsakiya, bayanai a gefe, kwanan wata a kusurwa, a manna a bango. Ina ganin wannan na cikin shawarwari mafi amfani da aka taɓa ba masu wannan sana'a, domin ƙuncin shafin yana tilasta wa mai tsarawa ya fahimci abin da yake faɗa. Kuma ba baƙon abu ba ne: matakan Super Mario Bros. na 1985 a kan takarda mai ƙananan murabba'ai aka zana su da hannu, aka miƙa wa masu rubuta manhaja.

Takardar buƙatu ma ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, amma da ma ba don haka aka yi ta ba. Ana neman lamba ne a duba. Nata ciwon shi ne tsadar riƙo. Bin sawu yana nufin duk lokacin da aka sauya abu, wani zai zauna ya gyara buƙatar, ya gyara gwajinta, ya duba waɗanda suka dogara da ita. Ribarsa babba ce: ranar da aka ce a cire iyo daga wasan, cikin minti kaɗan za ka ga matakai nawa, sautuka nawa da gwaje-gwaje nawa abin ya taɓa. Amma idan babu mutumin da aka ɗora wa wannan aiki da suna, cikin wata biyu takardar za ta fara faɗin abin da ba shi ne a wasan ba, kuma mutane sun fi yarda da ƙarya mai lamba fiye da ƙarya mara lamba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu zane da marubuta labari da masu sauti kuma ba sa samun abin kamawa a jumlar da ta fara da "manhaja za ta". Suna buƙatar hoto, yanayi, misali. Wannan kaɗai ya isa ya hana takardar buƙatu zama rubutu tilo na tawagar wasa.

Abubuwan da ke tsakani

Masu bincike sun daɗe da lura da wannan giɓi. David Callele da abokan aikinsa a Jami'ar Saskatchewan ta Kanada sun nazarci rahotannin da masu gina wasanni ke rubutawa bayan kammala aiki, suka nuna a 2005 cewa matsaloli da yawa suna tasowa ne a mashigar da ke tsakanin matakin share fage da matakin gini, wato lokacin da ake juya kundin mai tsarawa ya zama aikin injiniya. Jumla ɗaya a kundi na iya ɓoye buƙatu da dama da ba wanda ya furta. A ce "jaruma ta kunna fitila a kogo": wannan ya ƙunshi tsarin haske, inuwa, motsin hannu, sauti, maɓalli, da tambayar ko abokan gaba suna ganin hasken. Daga baya Callele da abokan aikinsa suka kawo shawarar a riƙa rubuta buƙatun motsin rai: a faɗi abin da ake so ɗan wasa ya ji a wani wuri, da dabarar da za a bi a sa shi ya ji. Amfaninta shi ne tana ɗaure dalili da lamba. Idan buƙatar ta ce fitilar ba za ta haska fiye da taku kaɗan ba, kuma a gefenta an rubuta cewa don a ji tsoro ne, ba wanda zai zo ya "gyara" duhun.

Sauran kayan aikin ba sai na daɗe a kansu ba. Gajerun labaran mai amfani, masu fasalin "a matsayina na wane, ina son kaza, domin kaza", sun dace da tawagar da ke aiki zango-zango na mako biyu, amma jerin aiki ne, ba ya nuna wasan a dunƙule. Salon EARS da Alistair Mavin da abokansa suka fito da shi a kamfanin Rolls-Royce a 2009 don rubuta buƙatu yana ba da 'yan ƙirar jumla kaɗan, irin su "duk lokacin da", "yayin da" da "idan", kuma ya yi matuƙar dacewa da dokokin wasa tunda su ma sharaɗi ne da sakamako. Lambobin daidaita wasa kuwa, irin su ƙarfin makami da farashin kaya a cikin wasan, kada su zauna a ɗaya daga cikin takardun biyu. Wurinsu jadawalin da wasan ke karantawa kai tsaye, takarda ta yi nuni gare shi kawai. Lamba idan tana wuri biyu, ɗaya zai tsufa.

To wanne za ka ɗauka?

Idan kai kaɗai ne ko ku biyu zuwa biyar, kuma kuɗinku kuke kashewa, kada ku rubuta cikakkiyar takardar buƙatu. Shafi ɗaya ga kowane babban tsari, shafi ɗaya da ke faɗin ginshiƙan wasan uku ko huɗu, sai jeri guda mai lamba na abubuwan da ba a wasa da su: adanawa, sauri, na'urorin da aka nufa, sharuɗɗan kasuwar da za ku saka wasan. Wannan jerin ba lallai ya wuce shafi biyu ba.

Idan wani ne ke biyan ku, lissafi ya sauya. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin wasa yakan biya ne zango-zango, kuma kowane zango yana da abin da za a kawo. Idan ma'aunin karɓar aikin shi ne "faɗa ya yi daɗi", ranar biya za a yi jayayya, kuma mai kuɗi ne zai yi nasara. Duk abin da kuɗi ya rataya a kansa a rubuta shi da salon buƙata. Haka idan za ku ba wata tawaga ta waje wani sashe, kamar mayar da wasan kan wata na'ura ko gina sabar, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa ta intanet: su ba sa cikin hirarku ta yau da kullum, abin da ke takarda kaɗai suka sani.

Idan wasan na koyarwa ne, ko horar da ma'aikata, ko lafiya, takardar buƙatu ce uwa, kundin tsari ya biyo baya. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wasan EndeavorRx a matsayin magani da likita ke rubuta wa yara masu matsalar tattara hankali. Wasa irin wannan dole ya nuna wace manufa kowane ɓangarensa ke cikawa da yadda aka tabbatar, kuma bin sawu ne kaɗai ke ba da wannan amsa. Ko wasan koyar da lissafi ne, mai ba da aikin zai tambaya wane mataki ne ke koyar da wane darasi.

Babbar tawaga mai mutum hamsin ko ɗari ba ta da zaɓi, biyun za ta riƙe, kuma tambayarta ita ce yaushe abu zai ƙetare. Mai tsara wasanni Mark Cerny ya gabatar da tsarinsa a 2002, inda ya ce matakin share fage ba ya jin jadawali, kuma ba a shiga gini sai an samu wani yanki na wasan da ake bugawa da ingancin fitarwa. Wannan ma'auni yana aiki a kan kowane tsari shi kaɗai, ko a ƙaramar tawaga. Muddin ana sauya tsallen kowane mako, ya zauna a shafinsa na zane, da manufarsa a rubuce, lambobinsa a jadawali. Ranar da masu gina matakai za su fara auna faɗin ramuka da shi, ranar ya zama abin da wasu suka dogara a kai. A ba shi lamba, a rubuta iyakar nisansa da tsayinsa, a haɗa masa gwaji, a kuma rubuta sunan wanda sai da izininsa za a taɓa shi, domin rage nisan tsalle da kaso goma cikin ɗari bayan an gina matakai talatin yana nufin a sake bin ramukan matakai talatin ɗaya bayan ɗaya.